Ƙullin Badamasi

Saudatu ba ta iya jira ba, kuma duk wanda ya zauna da ita ya san haka. A ma'aikatarsu in lif ya yi nawa sai ta bi matakala har hawa na shida. In ta ɗora ruwan shayi sai ta buɗe murfin sau uku kafin ya tafasa. Shi ya sa da ta shiga ƙungiyar masu hawan dutse ta ranar Asabar, mako biyu kacal Bartholomew ya kalle ta ya ɗora mata aikin da ya fi ƙona mata rai, wato rufe baya. Bartholomew mai sayar da tayil na daɓen ɗaki ne a Nyanya, shi ne kuma ja-gaban ƙungiyar. Cewa ya yi magani ya ba ta.

Tsarinsu ba shi da wuya. Ja-gaba yana tafe da jajayen ƙyallaye a aljihu, duk inda hanya ta rabu ko ta shige ciyawa sai ya ɗaura ɗaya a reshe. Mai rufe baya ita ce ta ƙarshe, usur a wuyanta, tana kwance ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya don kada a bar wa manoma shara a gonakinsu. Dokar guda ce: mai rufe baya ba ta wuce kowa. Shekara biyu Saudatu tana wannan aiki, har hannunta ya saba, yana kwance ƙyalle ba tare da ya yi shawara da ita ba.

Asabar ɗin nan ta ƙarshen damina ta zo da mijinta. Wata goma sha ɗaya ke nan da Badamasi ya faɗi a ofis, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafar ta dawo, da taimakon sanda dai, amma hannun ya ƙi, shi ma mai hannun ya ƙi. Malamar gashin ƙashi ta ba shi igiya ya riƙa koyon ƙulli, ya jefa ta bayan kujera. Kullum da safe Saudatu ce ke ɗaure masa mazugin wando, tana yi tana duba agogo, shi kuma yana kallon bango. Bai je ɗaurin aure ba, bai je suna ba, masu zuwa gaishe shi ma sun gaji da jin yana barci. Wata uku tana roƙonsa kafin ya yarda da wannan fita, kuma da sharaɗi ya yarda.

"Sau ɗaya zan gwada, Maman Nazir," ya ce mata a mota, sun ɗauki hanyar Kuje. "In na zame wa mutane kaya, kada ki sake yi mini maganar fita."

Ta san shi. In ya faɗi magana da wannan muryar, ta zauna ke nan.

A gindin dutsen, kusa da wata gonar doya, mutum ashirin da wani abu suna miƙe ƙafafu suna ɗaukar hoto. Bartholomew ya zo da kansa ya gaishe shi, ya kama hannun hagun da hannu biyu, ya yi masa magana da gurguwar Hausarsa.

"Oga, sannu da zuwa. Ba gudu muke yi ba, kowa da tafiyansa. Ka bi jan ƙyalle kawai. Wanda yake gaba shi ne yake ɗaurawa, Hajiya kuma yana bayanka, ba zai wuce ka ba."

Badamasi ya ɗan yi murmushi da gefen bakin da ke motsi. Saudatu ta karɓi gorar ruwansa da wayarsa ta zuba a jakarta, don kada nauyi ya dame shi.

Kafin rabin awa muryoyin ƙungiyar sun yi nisa, sai su biyu. Hanyar ta bi ta cikin gamba wadda ta fi mutum tsawo, jiƙe da raɓa, ta fita kan falalen dutse, ta sake shigewa ƙarƙashin itatuwan kashu. Badamasi yana aza sanda, ya ja ƙafa, ya tsaya ya yi numfashi. Saudatu tana bayansa kamar an ɗaure akuya kusa da dusa. Ta gyara jaka, ta gyara mayafi, ta ciro waya ta mayar. Wasu matan Gbagyi uku suka zo da itace a kafaɗa, suka gaishe su, suka wuce kamar ba hawa suke ba. Ta bi su da ido har suka ɓace.

Hutu na huɗu ya zauna a kan wani dutse a inuwar ɗorawa, ya jingine sandar. Gumi ya jiƙa masa riga.

"Saura da yawa?"

"Kaɗan ne," ta ce, alhali ba ta da tabbas, don wannan hanyar sabuwa ce gare ta. "Bari in leƙa bayan kwanar can in gani. Minti biyu. Kada ka tashi."

Ya ciro farin hankicinsa yana goge wuya.

Allah ya sani minti biyun ta yi niyya. Amma da ƙafafunta suka ji an sake su, sai suka manta da yarjejeniya. Ta sha kwanar, ta iske mararraba inda hanya ta rabu uku, ta bi ta hagu mai jan ƙyalle, ta hau wani tudu, ta ga wani a gabansa ta ce bari ta ƙarasa wannan ma. Iska ta bugi fuskarta. Wata goma sha ɗaya rabon da ta yi tafiya da saurin kanta, ba ta riƙe da gwiwar hannun kowa, kuma gaskiya ta ji daɗi, daɗin da ba za ta iya faɗa wa kowa ba. Daga kan tudu na uku ta hango rufin kwanon Kuje yana ƙyalli, ta jiyo dariyar 'yan ƙungiya can sama. Ta duba agogo. Minti ashirin da biyar.

Da gudu ta sauko. Ɗorawar tana nan, dutsen yana nan, Badamasi ba ya nan.

"Baban Nazir!"

Shiru, sai kukan wata kurciya. Ta ciro waya ta kira lambarsa, sai ta ji jakar da ke bayanta tana rawa. Ta sa hannu a aljihun rigarta don ta mayar da wayar, yatsunta suka taɓo wani abu mai laushi. Ta zaro jajayen ƙyallaye huɗu, ban da na baya da ke cikin jaka. Ba ta ma tuna lokacin da ta kwance su ba. Har da na mararrabar.

Ta gane abin da ya faru kamar a gabanta aka yi: ya gaji da jira, ya tashi ya biyo ta, ya isa inda hanya ta rabu uku, bai ga alamar komai ba. Ta hagu bai bi ba, da sun haɗu. Ta sa usur a baki ta busa sau uku, ta sake busawa sau uku, wanda a tsarinsu yake nufin an shiga matsala.

Ba ta iya tsayuwa wuri ɗaya ba. Ta shiga hanyar tsakiya taku ashirin ta dawo, ta shiga ta dama ta dawo, ta sake komawa gindin ɗorawar kamar zai fito daga ƙarƙashin dutsen. Tana tuna rafin da suka gani daga mota, da santsin duwatsun damina, da ƙafar da ba ta gama jin magana ba. Ko ma an same shi lafiya, ta san abin da za a yi: ƙarti huɗu su ɗauko shi a gaban mutane ashirin masu waya a hannu. Daga nan kuwa shi da ƙofar gida sai dai in asibiti za a je.

Bartholomew ya sauko yana haki. Ƙyallayen da ke hannunta ya fara kallo.

"Hajiya. Ka wuce shi?"

"Na wuce shi."

Ya buɗe baki zai yi magana, ya ga fuskarta, ya fasa. "To. Ni zan bi na dama, wanda ya tafi rafi. Ke ki bi na tsakiya. Wanda ya gani ya busa sau biyu. Sauran mutane na ce su zauna a sama, kada kowa ya sauko."

Hanyar tsakiya ta fi faɗi, irin wadda manoma ke bi da babur, sai dai gangara take yi. Saudatu tana sauri tana kiran sunansa, tana addu'a, tana zagin kanta, duk a numfashi ɗaya. Ba ta yi nisa ba ta kusa taka wani farin abu a ƙasa. Ta duƙa. Guntun ƙyalle ne siriri, an yage shi ba daidai ba, da ɗan shuɗin zare a gefe. Ta san zaren, ita ta sayo hankicin dozin guda a kasuwar Wuse.

Ta ɗaga kai. Taku goma a gaba, a reshen wani ƙaramin kashu, wani farin ƙyallen yana lilo. Wannan bai faɗi ba. An ɗaure shi.

Ta tsaya a gabansa. Ƙullin karkatacce ne, sako-sako, gefe ɗaya duk shaidar haƙori, har yanzu da danshi. Yaron firamare ma zai fi haka. Hannunta ya tashi da kansa zai kwance, ta kama shi da ɗayan ta mayar ƙasa. Sai hawaye suka zubo mata, ba ta tsaya sharewa ba ta wuce.

Na uku yana jikin karan gamba. Na huɗu a kan wata ƙaya, inda hanyar ta sake rabuwa, kuma ya fi na baya ƙarfi. Na biyar har da ƙulli biyu.

A bakin wata gonar gyaɗa ta same shi, zaune a kan kututture, sanda a tsakanin ƙafafunsa. Gwiwar wandonsa ta yi jar ƙasa, alamar ya faɗi sau ɗaya ya tashi. Abin da ya rage na hankicin bai kai tafin hannu ba. Ya ɗago ya dube ta, ba fushi a fuskarsa, ba kuma murmushi.

"Minti biyunki ke nan?"

Ta durƙusa a gabansa, ƙyallayen ja har yanzu a dunƙule a hannunta. "Ni na kwance su. Ban ma san na yi ba. Ka yafe mini, Baban Nazir, na wuce ka."

"Na sani. Na ga inda ɓawon reshen ya goge." "Ban so ki dawo ki tarar da ni a kan dutsen nan kamar buhun da aka ajiye ba. Da na zo ban ga ja ba, sai na ce to, yau ni ne a gaba. Mutumin nan ya ce wanda ke gaba shi ke ɗaurawa."

"Da me ka ɗaure?"

"Da haƙori." Ya ɗaga hannun daman daga cinyarsa, a hankali, yatsun a lanƙwashe suna rawa. "Wannan kuma ya danne mini reshen. Na farko ya ƙi. Na zage shi, sai ya yarda."

Ta yi dariya cikin kuka, ta miƙa masa gorar ruwansa. Ta tuna da Bartholomew, ta busa usur sau biyu, daga can wajen rafi aka amsa mata sau biyu. Ba a jima ba wayarta ta yi ƙara, Bartholomew ne yana tambaya ko ya turo samari su taimaka. Ta dubi Badamasi. Ya girgiza kai.

"A'a," ta ce. "Ku sauka kawai, mu haɗu a mota. Za mu ɗan jima."

Badamasi ya dafa sanda ya miƙe, ta kai hannu za ta kama gwiwar hannunsa, ya kauce. Suka juya suka fara hawa gangaren da ya sauko, shi a gaba. Da suka iso farin ƙyalle na biyar ta matso, don aikinta ne.

"Bar shi," ya ce. "Wanda ya ƙulla ya san yadda ya yi."

Ya jingina sandar a ƙirjinsa, ya ɗora hannun daman a kan reshen, ya shiga cakular ƙullin da yatsun hagu. Ƙullin ya ƙi. Ya sunkuya ya sa haƙori. Rana ta hau, ƙudaje sun dame ta, ƙafafunta suna mata ƙaiƙayi, kuma da daƙiƙa ɗaya za ta gama wannan aikin in an bar ta. Ta haɗa hannuwanta biyu a bayanta ta riƙe gam. Ba ta duba agogo ba, ko da yake sau uku wuyan hannunta yana juyowa.

Da ƙyallen ya fita ta miƙa tafin hannu, kamar yadda aka saba, ƙyalle wurin mai rufe baya yake komawa. Badamasi ya dubi hannun nata, ya ninke ƙyallen a cinyarsa, ya tura a aljihun gaban rigarsa.

"Nawa ne, ba naki ba," ya ce. "Wa ya san inda za ki bar ni Asabar mai zuwa."

Ya aza sanda ya ja ƙafa. Saura ƙulli uku kafin mararraba, Saudatu ta bi bayansa.