Kwalbar Maganin Basir

Shekara uku ke nan Tela yana shan maganin HIV, ƙwaya ɗaya kullum da safe, har ya yi kumatu. Tsoronsa ɗaya, kada 'yan shago su gane. Sai ya juye ƙwayoyin a tsohuwar kwalbar maganin basir, ya ajiye gefen keken ɗinki.

Ashe ya jawo wa kansa, don kowa a shagon nan basir gare shi. Mai guga ya ga yadda Tela ya murmure, ya miƙo hannu: "Yaya, sam mini biyu mana." Mai yanka yadi ya karɓi uku. Wani da ya zo karɓar wando ma ya haɗiye ɗaya, ya rantse tun kafin ta sauka ya ji sauƙi. Tela ya kasa hanawa, kada a ce masa marowaci.

Saura kwana tara wata ya cika, kwalba ta ƙare. Ya tafi asibiti yana kame-kame.

Nas ta gama saurarensa, ta cire tabarau. "Malam, maganin nan naka ne kai kaɗai. In kana tsallake kwanaki, ƙwayar cutar za ta saba da shi, ya daina yi maka aiki. Su ma kana iya jawo musu illa. Bar shi a kwalbarsa a gida, ka sha kafin ka fito."

"To, in suka sake roƙona fa?"

"Ka ce basir ɗinka ya warke. Tunda shi kam ba ka jin kunyarsa."