Bencin Baya

"Ajiye, zan sha da kaina," in ji Dattijo.

Na ajiye. Ya miƙa hannun hagu, wanda shanyewar jiki ta bar masa, kofin ya kaɗa, shayin ya kife a zanen gado. Karo na uku ke nan tun safe. Na ce a raina, to, ga ka ga girmanka.

Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa. Shekara talatin yana dattijon ikkilisiyarmu, shi ke zagayawa da farantin gurasa ranar Jibin Ubangiji. Shi ne kuma, shekara ashirin da suka wuce, ya tsaya gaban jama'a ya kira sunana, don na yi ciki kafin ɗaurin aure. Aka sa ni a horo: bencin baya, kusa da inda ake jingine tsintsiya, ba jibi, ba waƙa cikin mata. Wata shida aka yanke, ya ce a mai da shi shekara. In ya iso layina sai ya ɗaga farantin sama ya wuce, kamar zan fizge. Ƙarya nake in na ce na manta.

Yanzu matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna nesa. Ni ke juya shi, ni ke wanke zannuwa. Mijina har tsiya yake mini, "Uwargida, lada kike nema ko ramuwa?" Ni kaina ban sani ba. Kwana huɗu dai bai yarda ya ci komai daga hannuna ba, sai ramewa yake yi.

Ranar Alhamis da hantsi Fasto ya zo da 'yar jakarsa, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan kujera.

"Baba, na kawo maka jibi."

Dattijo ya juya fuska bango. "Mai da shi, Fasto."

"Haba Baba, don me?"

"Tun da na kwanta nake neman abin da zan nuna wa Ubangiji. Ginin majami'a, wa'azi, azumi. Duk wanda na ɗaga sai in tarar da girman kai a ƙarƙashinsa. Ba ni da komai. Hannu wofi zan tafi."

"Ai da ma hannu wofi ake miƙawa," in ji Fasto. "Wanda hannunsa ke cike, ina za a sa masa gurasar? Alherin Yesu ba saya ake yi ba."

"Kai yaro ne, ba ka nan lokacin. Tambayi baiwar Allahn nan abin da na yi mata."

Ya juyo da ƙyar ya dube ni. Tun da nake shiga ɗakin nan bai taɓa haɗa ido da ni ba sai ranar.

"'Yata, me kika yi a bencin nan har shekara guda?"

"Kuka, Baba. Da zaginka a zuci."

Fasto ya yi gyaran murya. Ban kula shi ba.

"Daga baya na ga ba ni da abin kawo wa Allah sai kunyata," na ce. "Na kawo masa ita, kuma bai kore ni ba."



"Da ni aka zaunar can, da na san shi da wuri," in ji Dattijo. "Ki yafe mini."

Shekara ashirin ina tanadin amsar da zan ba mutumin nan, mai zafi kuwa. Na neme ta na rasa. Tausayinsa ne ya kama ni, har na ji haushin kaina.

"Na yafe, Baba. Har ga Allah."

Fasto ya yi addu'a, ya gutsura gurasar. Dattijo ya ɗaga hannu, hannun ya koma kan zane.

"Ba ta," ya ce. "Ita za ta sa mini."

A majami'armu mace ba ta raba jibi. Fasto ya dube ni, ya dubi tsohon, sai ya ɗora gurasar a tafina. Na durƙusa bakin gado. Dattijo ya rufe ido ya buɗe baki kamar jariri, na sa masa. Na tallafi ƙeyarsa ya kurɓi ruwan inabin.

Bai kai yamma ba. Na fita shanya zannuwa, na dawo na same shi yadda na bar shi, sai dai ƙirjin ya daina motsi. Na kira shi sau biyu, na zauna a ƙasa na yi kukana.

Da na tashi zan ja masa mayafi, na ga ɗan ɓurɓushin gurasa maƙale a gemunsa. Na kai hannu zan share, sai na bar masa.