Linzamin Bidi

"Miƙo hannunka," in ji Jatau maƙeri, bai ko ɗago kai daga wuta ba.

Ɗayyabu tela ya miƙa, a zatonsa linzamin da ya zo saya za a ɗora masa a tafin hannu. Sai Jatau ya zura masa zoben ƙarfen a tsintsiyar hannu, ya kama igiyar ya ɗan fizga. Ɗayyabu ya daka tsalle har hularsa ta faɗa cikin gawayi.

"Haba Baba, karya ni za ka yi?"

"Ja guda ke nan, kuma ga hannu, ba ga baki ba. Duk wanda yaz zo sayen mai zobe sai ya ɗanɗana shi tukuna. Haka tsohona ya koya min."

Ɗayyabu ya tsaya yana murza hannu. Dokinsa Bidi bai wuce shekara uku ba, shi ya rene shi tun yana ɗan dukushi, kuma da ragama kawai yake hawansa, su biyu, kowane maraice. Yau Juma'a kuwa, bayan la'asar, masu dawakin Talata Mafara za su fita kilisa ta hanyar Bakura, kuma karon farko ke nan da Bidi zai shiga taro. Matashin doki idan ya ga 'yan'uwansa suna sukuwa, kansa kan kwance.

Amma ba faɗuwa ce ke hana Ɗayyabu sukuni ba. Jagoran masu kilisar shi ne Alhaji Sambo, mahaifin Taibatu malamar firamare, wadda Ɗayyabu ya daɗe yana so, ita ma ta sani, amma ya kasa tura manya don tsoron tsohon. Alhaji mutum ne da ke auna namiji da dokinsa. In doki ya ƙwace maka, ya ce ba ka da riƙo. In ka fasa masa baki, ya ce ba ka da imani. Ɗayyabu na ganin ko wane linzami ya ɗauka, ɗaya daga cikin biyun za ta kama shi.

Abokinsa Tijjani, wanda bai taɓa mallakar ko jaki ba amma ya fi kowa sanin doki, ya matso. "Ɗauki mai zoben, malam. Ja guda, ya tsaya cak. So kake ya kai ka Maradun ba shiri?"

Jatau ya jawo wani linzamin daga ƙarƙashin buhu, siriri, santsi, mai gaɓa a tsakiya, babu zobe babu harshe. "Wanga ba shi tsai da doki," ya ce. "Magana yaka yi da shi. In dokinka na jin maganarka, ya ishe ka."

Ɗayyabu ya dubi jan shatin da ke hannunsa, ya tuna laushin leɓen Bidi idan yana lasar dusa a tafinsa. Ya ɗauki siririn. Tijjani ya ce to, shi dai zai tanadi mai ɗori.

La'asar sakaliya aka taru a filin bakin gari. Dawakai sun haura ashirin, ga haniniya, ga yara suna ihu, ga 'yan babur suna ta hon don neman magana. Bidi ya miƙe kunnuwa, jikinsa na rawa, yana taka ƙasa kamar mai zafi ce. Alhaji Sambo ya zo wucewa a kan farin ingarmansa, ya amsa gaisuwa, ya dubi linzamin, ya dubi Ɗayyabu, ya wuce. Wannan kallon ya fi zagi tayar wa Ɗayyabu da hankali.

Da farko tafiya ta yi daɗi. An bi gefen gonakin shinkafa a jere, iska na kaɗawa, har Ɗayyabu ya fara murmushi yana gyara zaman hula. A hanyar dawowa ne wasu samari biyu suka saki dawakinsu. Bidi ya ga haka, ya ce shi ma ai doki ne.

Kafin Ɗayyabu ya ankara sun wuce samarin, sun wuce Alhaji, hula ta yi nata wuri. Tsoro ya kama shi sosai, kuma hannunsa ya so ya fizgi linzamin da dukan ƙarfinsa. Shatin da ke tsintsiyar hannun ya yi masa zugi. Sai ya kwantar da jiki, yana ja kaɗan yana saki, yana kiran sunan dokin kamar yadda ya saba. Bidi ya ɗan rage gudu, amma tsayawa kam babu ita a lissafinsa. Ya shiga gari, ya bar kwanar gidansu, ya kutsa wani lungu da ya sani sarai, ya ci birki a ƙofar wani gida mai bishiyar darbejiya. Gidan Alhaji Sambo ne.

Nan ne Ɗayyabu kan tsaya kullum da maraice, wai yana gyara sirdi, a daidai lokacin da Alhaji ke can rumfarsa ta kasuwa. Bidi ya zura kai cikin zaure ya yi haniniya. Taibatu kuwa, da ta ji muryar da ta sani, ta fito da kwanon ɓawon kankana kamar kullum. Tana miƙa kwanon, mahaifinta ya karyo kwana, dawakai ashirin na biye da shi.

Bidi kuwa ya hau gurzar ɓawonsa. Taibatu ta ja mayafi ta rufe fuska, amma kafaɗunta na rawa don dariya. Ɗayyabu ya sauko, ya durƙusa.

"Alhaji, a yi haƙuri. Ƙwace min ya yi."

Alhaji ya sauka a hankali. Bai dubi Ɗayyabu ba, wajen Bidi ya nufa, ya shafa wuyansa, ya ɗaga masa leɓe, ya duba dama, ya duba hagu. Kumfa ce kawai da jan kankana, babu ko ƙwarzane.

"Duk gudun ga ba ka fizge shi ba?"

"Na so in yi, Alhaji. Ban iya ba."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya dubi kwanon, ya dubi 'yarsa, sannan ya dubi dokin da ke cin abinsa hankali kwance kamar a turkensa.

"Dokin ga dai ya san gidana," ya ce. "Sai ka turo manyanka su ma su san shi."