Kifin da Nomau Ya Gasa a Shu'aiba

Gudun dangi mugun ciwo ne, mai shi kuwa ba ya sanin yana ɗauke da shi sai ranar da ya waiwaya bai ga kowa ba. Shi ne ciwon Kassimu.

Kassimu direba ne a gidan wani attajiri a unguwar Bagdadiyya ta Jidda. Ranar da ya sauka Jidda da jaka ɗaya, Nomau mai gashin kifi a unguwar Karantina ne ya shimfiɗa masa tabarma, ya ci da shi har ya sami kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa, da iƙama, takardar izinin zama. Amma a gidan aiki cewa ya yi sunansa Ƙasim, haihuwar Jidda, bai san wata Hausa ba. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Nomau ya tsufa yana taɓa kifin teku, bai taɓa zama bakinta ba. Da umara ya shigo tun da daɗewa, ba shi da takarda, fita gari a gare shi kasada ce. Wata Juma'a Kassimu ya ce wa mutanen gidan zai kai motarsu Jimis wurin gyara, ya biyo ta Karantina ya ɗauki Nomau da abokinsu Gwadabe tela.

"Kawu, shiga kawai," in ji Kassimu. "Askar ba ya tsai da motar manya."

"Kai ka ɗauko ni, kai za ka mai da ni," in ji Nomau.

"Halas, shi ke nan, wannan a wuyana."

Suka miƙi hanyar kudu zuwa Shu'aiba, teku na leƙowa ta dama. Nomau ya manne fuska a gilashi, Gwadabe na tsokanarsa.

"Kawu, ai duk 'yan'uwan waɗanda ka ƙona ne a ciki. Yau za su rama."

"Su fito, na zo da yajinsu."

Da suka isa, tsohon ya naɗe wando ya shiga ruwa iya ƙauri yana dariya, sannan ya dawo ya hura gawayi. Kifi ya fara ƙamshi ke nan wata farar mota ta tsaya bayansu. Hamad ne, ɗan kafilin Kassimu, shi da abokansa. Ya gane Jimis ɗin gidansu tun daga nesa. Kassimu ya zabura ya tare shi tun bai ƙaraso ba.

Nomau mutumin da ne. A tarbiyyarsa, baƙo ba ya tsayawa kusa da abinci a ƙi yi masa tayi. Ya ɗauki kifi mafi girma a tire, ya taka har gabansu, ya ce da Hamad da ɗan Larabcinsa, "Tafaddal," wato bismilla. Ya juya wurin Kassimu da Hausa: "Ɗana, gaya masa hannuna ne, ba na kasuwa ba."

Hamad ya dubi tsohon, ya dubi direbansu. "Ya Ƙasim, babanka ne wannan? Nan ne wurin gyaran?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Da Kassimu ya sunkuyar da kai ya ce kawuna ne, da faɗa zai sha ya wuce. Sai ya buɗe baki da Larabci ya ce, "Wallahi ban san su ba. Takari ne na tsinta a hanya, sun roƙe ni."

Nomau ya ji sarai. Tiren na hannunsa, bai sauke ba.

"To yalla, bi ni da motar," in ji Hamad.

Kassimu ya shiga ya tayar. Bai ko dubi inda suke ba, balle ya yi musu alamar zai dawo.

Suka jira har la'asar ta yi sanyi. Ruwan shansu da takalman Nomau duk sun tafi a cikin mota. Dole suka fito bakin titi neman mai taimako, tsoho ƙafa ba takalmi, kuma motar da ta fara tsayawa ta askarawa ce, 'yan sandan ƙasar. Gwadabe ya nuna iƙamarsa, ya yi ta magiya. Nomau ya dafa shi ya ce, "Bari, Gwadabe. Ka je ka kashe mini wutar murhu, ka gaya wa 'yata Salamatou." Aka wuce da shi gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Ko sallama da 'yar tasa bai samu ba.

Gwadabe bai yi zagi ba. Bayan sallah ya tsaya ƙofar masallacin unguwa ya faɗi abin da ya ji da kunnensa, kalma kalma. Ba wanda ya ɗaga wa Kassimu murya. In ya yi sallama a amsa, in ya zauna a tashi.

Aikinsa bai taɓu ba, iƙamarsa na aljihu. Amma ya rasa Nomau, ya rasa Gwadabe, ya rasa auren da ake shirin ba shi a unguwar Bani Malik. Da labarin rasuwar mahaifiyarsa ya iso daga gida, ya shimfiɗa tabarmin zaman makoki ƙofar ɗakinsa, ya dafa shayi, ya zauna har ranar uku. Mutum ɗaya ya zo, shi ma mai tabarmin ne, ya zo karɓar kayansa.