Ranar da Aka Tada Motar Malam

Ranar da Lauratu ta cika wata huɗu da kwana goma, ta yi wanka, ta ɗaura sabon zane, ta fito tsakar gida ta zauna. Shi ke nan. Mata sun ce mata za ta ji sakayau in ta fita takaba. Ba ta ji komai ba. Tun da aka fita da gawar mijinta, Malam Mainasara, haka ta koma: a ba ta abinci ta ci, a ce ta tashi ta tashi.

Washegari wajen ƙarfe takwas ƙaninta Jafaru ya kira daga Shinkafi.

"Yaya, Inna ta faɗi a makewayi tun shekaranjiya. Mun ɓoye maki ne don kina takaba. Ƙugu ne. Likita ya ce sai an kai ta can wajenku Ƙaura an ɗauki hoton ƙashi, kuma kada a wuce yau."

"To," in ji Lauratu.

"Ba ta iya zama, sai kwance. Motocin tasha kin san su, mutum bisa mutum. Ku taho da motar Malam, a kwantar da kujerun baya."

Ta sake cewa to, ta ajiye wayar a cinya.

Duk wanda ya san hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi a shekarun nan ya san ba a kama ta bayan la'asar. Ba doka ba ce, ba wanda ya rubuta. Direbobi ne dai suka daina, saboda mutanen daji. In ana son a je a ɗauko tsohuwa a dawo da ita yau, dole a bar Ƙaura kafin sha biyu.

Ita kuwa motar, doguwa ce mai kujeru bakwai, ta tsufa tun kafin Malam ya saye ta, ya kuma ƙara mata shekara goma sha huɗu. Da ita yake zuwa makarantar da yake koyarwa, da ita ake zuwa suna da biki. Da ya rasu, yayansa Alhaji Maitama ya ce kada a taɓa komai na mamaci sai an raba gado, aka lulluɓe ta da tamfal a gindin dalbejiya. To, ga kuma 'yan'uwa daga Moriki da Gurbin Bore, kowa ya zo gaisuwa ba ya zuwa hannu biyu. Wannan rabin buhun gero, wancan tiya goma ta gyaɗa. Ɗakin ajiya ya cika. Wata cikin masu zaman makoki ta ce ai ga mota nan a kulle, ba inda ya fi ta tsaro. Aka loda hatsin a ciki, aka mayar da tamfal, kowa ya yaba dabarar.

Kamaluddeen, babban ɗan Lauratu, ya kira Alhaji Maitama don neman izini.

"Kai, wace irin tambaya ce wagga? Ni na ce kada a sayar, ban ce a bar tsohuwa kwance ba. Ku ɗauka!"

Da Kamaluddeen ya yaye tamfal ya buɗe ƙofa, wari ya buge shi. Ɓeraye biyu suka diro ta tsakanin ƙafafunsa. Buhunan duk sun huje, ƙaiƙayi da kashin ɓera har kan sitiyari. Ya kwashe kayan ya zube a ƙasa, ya shiga ya murɗa makulli. Ko fitila ɗaya ba ta kama ba.

"Umma, ba ta motsa ba."

"Kira Tambari," in ji ta. Ba ta ɗago ba.

Tambari bakanike ne, abokin Malam tun suna samari, shi ke duba motar tun ranar da aka kawo ta. Ya iso bisa babur da batir ɗaure a baya da jakar sifanu. Ya durƙusa ya gaida Lauratu, sannan ya tsaya yana kallon buhunan, yana kallon motar.

"Wa ya mayar da ita rumbu?"

"Mata ne, Baba," in ji Kamaluddeen.

"Mata ne. Kai kana ina? Malamin makaranta guda! Wata huɗu ko sau ɗaya ba ka tada ta ta sha iska ba?"

"An ce kada a taɓa."

"An ce kada a taɓa, sai ɓeraye sunka taɓa. Su ba su jiran rabon gado. Kawo mani ruwan zafi."

Ya buɗe murfin inji. Kawunan batir sun yi fari fat kamar an barbaɗa musu kanwa. Ya zuba ruwan zafi ya kankare, ya cire mataccen batirin ya ɗaura nasa. Fitilun gaban direba suka kama. Kamaluddeen ya murɗa makulli, aka ji ƙas, ƙas, shi ke nan.

Tambari ya zura hannu can bayan inji, ya zaro sheƙa guda ta tsumma da soso da ɓawon gyaɗa. A ƙarƙashinta wayoyi ne a gwaigwaye, jan ƙarfensu a waje.

"Ka gani? Sun ci gero, sun ci gyaɗa, sun wanke baki da waya."

Ya zauna bisa bakin mota yana feƙe wayoyin, yana haɗa ja da ja, shuɗi da shuɗi, yana naɗewa da baƙin salatif. Wasu launinsu ya koɗe, sai ya bi su da yatsa har inda suka fito. Kamaluddeen ya aro famfo a maƙwabta yana ba tayoyi iska. Lauratu tana kan kujerarta 'yar tsugunno. Inuwar dalbejiya ta janye daga kanta, ba ta matsa ba. Tana jin su, kamar yadda mutum ke jin rediyon gidan wani. Ta san uwarta ce ke kwance a Shinkafi. Ta faɗa wa kanta haka sau biyu, ta jira ta ji wani abu a ƙirjinta. Shiru.

Ƙarfe goma da rabi Tambari ya ce a gwada. Wannan karon injin ya juya, gir-gir-gir, amma bai kama ba. Ya duba baƙin mai, ya ƙara ruwa a lagireto. Ya cire fulogi ɗaya ya kanga shi a jikin ƙarfe, ya ga wuta tana tartsatsi.

"Wuta akwai. Saura mai."

Aka juye galan guda na sabon fetur a tanki. Gir-gir-gir. Ya buɗe akwatin fiyus ya zare su ɗaya-ɗaya yana ɗaga su sama yana dubawa, duk lafiya. Sai ya je ya kwanta a ƙasa wajen tayar baya, ya kara kunne.

"Murɗa. Kashe. Sake murɗawa."

Ya fito yana kaɗe riga.

"Famfon mai ne, na cikin tanki. Ba shi kuka. Sai an sauke tanki, kuma sai an nemo wani. Ko na samu yanzu, aikin awa uku ne."

Kamaluddeen ya dubi agogo. Sha ɗaya da kwata. Wayar Lauratu ta yi ƙara, Jafaru ne, ba ta ɗauka ba.

"Sai dai gobe," in ji Tambari a hankali. "Ki yi haƙuri, Hajiya."

Sai Lauratu ta yi magana, muryarta ba hawa ba sauka.

"Akwai guntuwar muciya ƙarƙashin kujerar direba."

Suka juyo suna kallonta.

"In motar ta yi ma Malam haka, da ita yake bugun cikinta. Daga ƙasa, wajen ƙofar baya."

"Tun yaushe?" in ji Tambari.

"Shekara biyu."

"Shekara biyu! Ni da bakina na ce mashi ya canza famfon ga. Ya ce mani ya canza a Gusau!"

"Ya ce kada in gaya maka. Ya ce za ka yi mashi surutu."

Tambari ya juya musu baya, ya ɗan jima yana goge hannu da tsumma, hannun da ya riga ya goge.

"Allah Ya jiƙan ka, Mainasara," ya ce. "Mai taurin kan tsiya."

Muciyar tana nan inda ta ce, ɓeraye sun ɗan gwaigwayi bakinta. Tambari ya koma ƙarƙashin mota ya buga tanki, Kamaluddeen ya murɗa makulli har ƙarshe. Gir-gir-gir. Suka sake. Suka sake.

"Ba haka ba ne," in ji Lauratu. Ba ta kiran sunan ɗan fari, sai ta ce, "Kai, fito."

Ta tashi, ƙafafunta sun yi tsami. Ba ta taɓa tuƙi ba, ba ta san giya ba, ba ta san birki ba. Abu ɗaya ta sani a motar nan, shi ne wannan. Sau nawa a bakin hanya, a Zurmi, a ƙofar gidan biki bayan mutane sun watse, Malam zai ce, "Zo ki riƙe mani makulli," ya tattare babbar riga ya durƙusa. Ta zauna a kujerarsa. Kujerar ta lotsa daidai jikinsa, ba daidai nata ba.

"Sai na ce ka buga," ta ce wa Tambari. "Uku. Ba da ƙarfi ba."

Ta murɗa makullin rabi, ta tsaya.

"Buga."

Ƙum. Ƙum. Ƙum.

Ta rufe ido tana saurare. Ba komai. Ta mayar da makulli, ta sake murɗawa rabi.

"Matsa baya kaɗan. Buga."

A bugu na uku sai ga wani siririn kuka daga ƙarƙashin mota, kamar ƙudan zuma ya shiga tulu. Ta bar shi ya yi, ta ƙirga biyar a zuci yadda Malam ya koya mata, sannan ta murɗa har ƙarshe. Injin ya yi tari, ya girgiza, ya kama. Baƙin hayaƙi ya cika tsakar gida, kaji suka watse.

Tambari ya fito da ƙasa a gemu.

"To, ku saurare ni. Kada a kashe ta. Ko sojoji sunka tsai da ku a shinge, ku bar ta tana aiki. Ko a ƙofar gidan Inna. In ta mutu, ban ce za ta sake tashi ba. Fitilun gaba ban haɗa su ba, ba lokaci, don haka rana ce fitilarku. Ku tahi."

Aka share ƙaiƙayi, aka kwantar da kujerun baya, aka shimfiɗa katifa. Sha biyu saura minti goma suka fita.

Hanyar dai ga ta nan. Ramuka, shingaye, gonakin da aka bari ciyawa ta cinye. Kamaluddeen yana tuƙi yana kallon allurar zafi, bakinsa yana motsi. Lauratu tana riƙe da muciyar a cinya. Haka suka isa Shinkafi.

A ƙofar gida mata suka fito, ganin ta na farko tun rasuwar. Wannan ta kama hannunta, waccan ta ce ta shigo ta sha ruwa ko da fura ce.

"Ba mu zama," in ji Lauratu. "Ba a kashe motar nan."

Jafaru da maƙwabta biyu suka ɗauko Inna Kubra a cikin bargo. Ta rame, fuskarta ta yi ƙanƙanta, amma bakin yana nan. Ta hango Kamaluddeen a sitiyari.

"Kai, mijin banza! Sai da na karye ka tuna kana da mata? Ko saukowa ba ka yi ka gaishe ni?"

"In na sauka ta mutu, tsohuwa, wa zai ɗauke ki? Ni na sake ki tun bara."

"Ka yi kaɗan. A hankali, Jafaru, ba buhu ba ne!"

Aka kwantar da ita. Lauratu ta zauna a ƙasan mota kusa da kanta, Jafaru ya shiga gaba. Ƙarfe biyu suka juyo.

Duk ramin da aka faɗa, Inna sai ta cije leɓe ta damƙi hannun ɗiyarta. Sun yi nisa kafin ta buɗe ido ta dube ta sosai.

"Lauratu. Ban samu zuwa ba. Hanya ta hana ni. Ya haƙuri?"

"Da godiya, Inna."

"Kin yi kuka?"

"A'a."

"To. Ni ma da ubanku ya rasu sai da na shekara. Ina tankaɗe ya zo mani. Kada ki neme shi, shi zai ishe ki."

Lauratu ta gyara mata bargo.

Saura kaɗan su shiga Ƙaura injin ya fara shaƙewa, motar tana fizga kamar za ta tsaya. Jafaru ya fara salati. Kamaluddeen ya sassauta ƙafa, ya sake takawa a hankali, ta yi tari ta ci gaba. Haka suka shiga gari, tana fizga tana tafiya, ana kiran la'asar.

A ƙofar asibiti ya tsaya, hannunsa a kan makulli.

"Umma, in kashe?"

"Bari a shiga da ita."

Ma'aikata suka turo gado, aka ɗora Inna tana yi musu faɗa, Jafaru ya bi su. Lauratu ta tsaya tana kallo har ƙofar ta rufe a bayansu.

"Kashe," ta ce.

Ya kashe. Ta sauko, ta gyara mayafinta, ta bi bayan uwarta.