Fiffiken Frane

Jerko ya saya wa 'yarsa allon da bai dace da ita ba, kuma bai tambayi kowa ba kafin ya saya.

Shi a saninsa, allon hawan iska mai kyau shi ne mai gudu, shi ke nan. Tun yana saurayi yake hawa a tekun garinsu, Viganj. In rana ta karkata iskar maestral ta taso, sai ya rufe garejinsa na gyaran injin kwalekwale, ya ɗaga filafili, ya miƙe sak ya tsallaka zuwa tsibirin Korčula ya dawo. Saboda haka da 'yar tasa Dinka ta ce tana son nata allon a wannan hutun, kafin ta tafi karatu Zagreb, sai ya je Split ya ɗauko dogo siriri, na masu tsere. Fiffiken da ke ƙarƙashinsa, wanda ke riƙe ruwa kada allo ya zame, ya kai kamu guda.

Dinka ta rungume shi ta ce, "Tata, ya yi kyau." Tata take kiransa, wato Baba. Abin da ba ta ce ba shi ne, ita ba gudu take so ba. Wasa take son koya, irin na samarin bakin gaɓa: a ɗan tashi sama, a juya allo, a sauka yana sulɓi da baya.

Kullum Jerko na tsaye bakin ruwa yana kallo. Za ta taho da kyau, ta ɗaga allon, ta juya, tana sauka sai ruwa ya cafke ta ya maka ta kan filafili. Ta tashi, ta sake, ya sake maka ta. Ƙwaurinta duk ya yi shuɗi. Shi kuwa sai ihu yake, "Matsa ƙafar baya! Kar ki ji tsoro!"

Daga baya ta daina fita. Yau ciwon kai, gobe karatu. Da dare in ya gasa kifin sadin, sai ta ci ta tashi. Tun rasuwar uwarta ba su da wata doguwar hira in ba ta iska da ruwa ba, ga shi ita ma hirar tana neman mutuwa, lokacin kaka kuma na matsowa.

Wata safiya ya je shan kofi rumfar Zorka, mai ba da hayar alluna, wadda suka yi aji ɗaya kafin ya gudu daga makaranta.

"Ga injiniya," in ji Zorka. "Ina yarinyar? Ko ka ƙarasa ta?"

"Ta karaya ne. Yaran yanzu ba su da zuciya."

"Zuciya! Kai tsohon jaki, ita ce ba ta da zuciya? Na ga faɗuwar da ta sha, da kai ne da tuni kana asibitin Dubrovnik kana kiran uwarka."

"To me ya hana ta juyawa?"

"Kai ka hana ta. Ka ɗaura mata takobi a gindin allo ka ce ta yi rawa. Fiffike dogo aikinsa ya riƙe ruwa. Ita so take allon ya saki ruwa ya zame. Tana sauka a karkace, ya kama, ya wurgar da ita. Mene ne mai wuyar ganewa a nan?"

Jerko ya ajiye kofinsa. "Me ya sa ba ta faɗa mini ba?"

"Ta faɗa wa wa? Kai da ka yi ta yawo da allon nan a saman mota kamar ka auro amarya?"

Ta shiga bayan rumfa ta jawo wani allo gajere mai faɗi, mai kaurin baya, duk ya sha duka, hancinsa da faci. "Wannan shi ne nata. Tsaya a kai ka gani, ba ya nutsewa ko iska ta mutu. Ka bar mini dogon in ba Jamusawa haya, su suna son gudu. Amma ba ni da fiffikensa. Wani ɗan Poland ya karya shi a kan dutse."

"Sai in saya."

"A watan Agusta? Ka yi oda, ya zo lokacin da take Zagreb tana rawar sanyi. Yaran nan ba sa jira, tsohon fiffike suke samu su yanke da zarto. Taƙi guda ya isa."

"In yanke na dogon, ai."

"Duba gindinsa. Wancan noti biyu ne, wannan noti ɗaya. Ba zai shiga ba." Ta kau da kai wajen teku. Su biyun sun san wanda ke da fiffike mai noti ɗaya a garin.

Yayansa Frane ne ya yi shi da hannunsa, shekarar da babu abin da ke shigowa ƙasar. Ya jera zaren gilashi da gam, ya goge shi har fatar yatsunsa ta saɓe, ya karce sunan Jerko a gindi da ƙusa. Jerko ya sauya allo sau uku, kowane sai ya tabbatar fiffiken zai shiga kafin ya saya. Da shi ya riƙa tsallakawa Korčula neman uwar Dinka. Frane kuwa ya daɗe a makabartar kan tudu.

Jerko ya koma gareji ya kwance notin fiffiken daga gindin allonsa. Ya auna taƙi guda, ya ja layi da fensir. Ya daɗe yana kallon layin. Ya ɗora zarto ke nan sai ga Dinka a bakin ƙofa.

"Tata! Na baffa Frane ne fa!"

"Na san na waye."

"Wallahi bar shi. Zan iya da wancan, ni ce ban ƙware ba."

"Ke, riƙe mini nan, yana motsi."

"Ba zan riƙe ba."

"To matsa, kina tare mini haske."

Ba ta matsa ba. Can ta zo ta dafa gindin da hannu biyu, hawaye na ɗiga kan benci. Zarton ya ci, farar ƙura ta tashi, dogon ɓangaren ya faɗi ƙasa ya yi ƙara. Jerko ya goge bakin yankan da samfefa har ya yi santsi, ya shafa da babban yatsa.

"Baffanki mugun marowaci ne," ya ce. "Da yana nan da ya ce na yanke a karkace."

Ta yi dariya tana jan hanci.

Da maestral ta taso ta fita. Na farko ta faɗi. Na biyu ma haka. Amma faɗuwar ta sauya, allon ba ya cafkewa, zamewa yake daga ƙarƙashinta. Ta ɗauki kwanaki tana shan ruwan gishiri, tana dawowa gida da surutu, tana kwatanta masa da cokali da burodi yadda ƙafa za ta koma. Rannan, dab da tafiyarta, ta tashi, ta juya, allon ya sauka ya yi sulɓi da baya, ruwa na fesuwa, tana tsaye a kai. Ihunta har rumfar Zorka.

"Ka gani?" in ji Zorka. "Kuka kake, jaki?"

"Gishiri ne."

Allonsa na jingine a bangon gareji, ramin gindinsa a buɗe. Bai tsallaka Korčula ba a sauran bazarar nan. Ranar da Dinka ta hau motar Zagreb, guntun fiffiken na cikin jakarta, wajen da aka karce sunan. Ɗaya ɓangaren, wanda ba ya shiga kowane allo, yana kan tagar gareji kusa da gwangwanin noti.