Wayar Totur ɗin Barau

Duk wanda ya saba bin hanyar Sule Tankarkar zuwa Maigatari ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, ya san Barau, ko da bai san sunansa ba. Dillalin tumaki ne, yana da wani tsohon babur da fentinsa ya daɗe da yin sallama da shi. Amma ba babur ɗin ne abin kallo ba, gaisuwar ce. Barau zai saki kan babur ya ɗaga hannun dama ya jinjina, in babban mutum ne har ya tallafe gwiwar hannun da na hagu, babur kuwa na ta tafiyarsa kamar jakin da ya san hanyar gida. Wasu suka ce gwaninta ce, wasu suka ce ba banza ba, akwai abin da ya taka. Barau bai taɓa musa wa kowa ba, don maganar tana yi masa daɗi. Ba shi da garke, ba shi da bene, amma in ana lissafin masu mutunci a hanyar nan, ya san da shi za a fara.

Gaskiyar magana kuwa, wayar totur ɗinsa ce ta yi tsatsa ta cije. In ya murɗa, inda ya bar ta nan take tsayawa, sai ya maido da ita da hannu.

Wata Alhamis, dab da shiga Gumel, wayar ta gaji ta tsinke. Barau ya tura babur yana haki har rumfar Nehemiya, bakaniken da ya zo garin tun yana saurayi daga can wajen Kafanchan, yanzu ga furfura ta fara leƙo masa. Nehemiya ya kwance siti, ya ɗage tanki, ya warware murfin kafireta ya zaro tsohuwar wayar. Ya ɗaga ta sama yana juyawa, duk ta barbaje sili-sili.

"Malam Barau, da wannan kake yawo? Ka gode wa Allah a nan ta tsinke. Da cijewa ta yi a tsakiyar raƙuman Maigatari, da yanzu wani labarin ake yi."

"Kai dai gyara," in ji Barau. "Ta fi ka sanin hanya."

Nehemiya ya ɗiga wa sabuwar waya mai, ya maƙala kanta a cikin kafireta, ya danne sifirin ya rufe. Ya bi da ita ta ƙarƙashin tanki, ya zagayo ta bayan fitila a sake, ba tanƙwara ba matsi. Ya tada babur, ya juya kansa dama, ya juya hagu, yana kasa kunne ko kukan injin zai canza. Bai canza ba. Sai ya murɗa totur ya saki, totur ɗin ya koma da kansa, ƙwas! Nehemiya ya yi murmushin wanda aiki ya yi wa kyau.

Barau bai fahimci abin da aka yi masa ba sai da ya fita gari. Ya hango wani mai amalanke da suka saba, ya ɗaga hannu, sai babur ya yi luu kamar an riƙe shi ta baya, mai keke-napep na bayansa ya danna ham har da zagi. Ya sake gwadawa a gaba, wannan karon ma mutuwa injin ya yi. Ga hannun hagu nan zaune ba aikin fari, amma wane ɗan halak ne zai jinjina wa mutane da hagu?

Abin da ya fi ci masa rai yana gaba. Tsakanin Gumel da Maigatari akwai wata tsamiya a bakin titi, inda wani tsoho ke zama yana tufkar igiya. Barau bai san sunansa ba, amma shekara da shekaru shi yake ware wa jinjina mafi girma, hannu biyu har da rusunawa. Tsohon ba ya ɗagowa, Barau kuwa ya ɗauka irin ta manya ce. Ranar nan ga motar shanu a bayansa, ba halin saki. Ya wuce tsohon hannunsa manne da totur, kansa a sunkuye, kunya kamar ta kashe shi.

A hanyar dawowa ya tsaya wurin Nehemiya.

"Ina tsohuwar wayata?"

"Tana bola."

"To ka ɗan matse wannan. Ka ɗaure ta da roba a jikin ƙarfe, ta riƙa cijewa kaɗan."

Nehemiya ya ajiye sifana ya dube shi. "Malam Barau, tun da nake, ba a taɓa kawo mini babur a ce in ɓata ba. In kana son gaisuwa, ga birki nan, shi ma na gyara maka."

A gida ma bai samu mai tausaya masa ba. Matarsa Kyauta ta yi dariya har tana riƙe ciki. "Ashe tsatsa ce ke gaishe da mutane, ba kai ba!" Barau ya ture kwanon tuwo, amma da ta juya baya ya jawo abinsa.

Mako ya zagayo. Barau ya fito da niyyar ko zai rasa kowa, ba zai sake wuce tsohon nan ba. Da ya hango tsamiyar ya saki totur, ya taka birki, ya gangara gefe ya kashe babur. Ya cire takalmi ya durƙusa.

"Salamu alaikum, Baba."

"Wa alaikumus salam. Maraba, maraba! Wa nake ji?" Tsohon ya miƙo hannu, amma can gefe ya miƙa, inda babu kowa. Barau ya dubi idanunsa, farare fat. Ya kamo hannun da nasa biyu.

"Barau ne, daga Sule Tankarkar."

"Ni ne Ubale. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Ka ga masu babur ɗin nan, kowa in ya zo nan sai ya ɗan rage wuta ya jefo mini sallama. Ban da mutum ɗaya. Duk Alhamis sai ya wuce ni fuu, ko ragewa ba ya yi, ko tari. Na haddace kukan injinsa, irin naka ne sak, sai dai hali ya bambanta. Tun ina jin haushi har na saba." Ya karkata kunne wajen titi. "Yau dai shiru, lokacinsa ya yi bai wuce ba. Allah ya sa lafiya."

Dariya na son kama Barau, ƙwalla ma na son zuwa.

"Lafiyarsa ƙalau, Baba," ya ce a hankali. "Ya ce ma in gaishe ka."

Tsohon bai saki hannun Barau ba. Can sai gefen bakinsa ya motsa.

"To madalla. Ka ce masa ina amsawa." Ya matsa ya buɗe masa wuri a kan tabarma. "Zauna mana, ai ka daɗe a hanya."